Libarbar Saje Manu

Da la'asar sakaliya ya zo maƙerata a Dukku,
Bappayo ɗan Saje Manu, hula a karkace,
da wani abu naɗe cikin tsohon zanen gyatumarsa.
Ya tsuguna gefen gawayi, bai ce uffan ba sai nishi.

Na saki zugazugi, na aiki yaran nan biyu
su sayo mini goron da ba na bukata.
Ya kwance ƙullin. Libarba ce.
Na san ta tun ina riƙe wa babana awartaki,
a ƙugun Saje take yini, ƙarƙashin matashinsa take kwana.
Ƙotarta ta yi sulɓi da gumin shekaru,
har yau tana warin man keke da albarushi.

Ya ce, "Baba Jalo, 'ya'yanta sun ƙare a duniya.
Na nema a Gombe, na aika har Kano,
an ce masu yin irinsu sun rufe tun ban yi wayo ba.
Ga wanda ake samu yanzu.
Ka sake mata baki da ciki
ta karɓi wannan harsashi."

Ya ɗora shi kan uwar maƙera,
ɗan mitsitsi, kamar gyaɗar da ta sa hular tagulla.
Na ɗaga ta sama, na leƙa ɗakunan nan shida,
duhu, tsatsa, saƙar gizo a ɗaya,
gidan haya ne da mutanensa suka tashi.

Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, hannuna ya yi ƙaiƙayi.
Shekara arba'in ina bugun fartanya da lauje,
ina ɗaura wa galma aure da ƙota.
Aiki mai ido irin wannan sau ɗaya yake ratso ƙofar maƙeri,
magagarina ma da ke rataye
sai na ji kamar yana kishi.

Na ce, "Wa ya taɓa ka?"
Ya ce, "Shanu goma sha ɗaya, Baba, dare ɗaya,
har da jar saniyar da ke shayar da 'yata."
Na yi shiru. Me za ka gaya wa mai wannan rashi?

Sai na zaro hannun hagu daga aljihu,
na shimfiɗa masa shi kusa da wuta.
Ya ƙirga da ido. Uku.
Na ce, "Sauran biyun suna bayan tsaunin can,
tun ranar da na koya wa wata bindiga
cin abincin da ba nata ba.
Ƙarfe yana riƙe da awon da aka haife shi a kai.
Ka matsa masa, zai yi maka biyayya sau ɗaya, sau biyu,
ran na uku ya tambayi naka ƙashi.

Kuma takardar da ke kanta sunan Saje ta ɗauka,
Saje kuwa yana maƙabarta, ba ya sa hannu.
Kai ta caji ofis, ka karɓi rasit.
Ni zan ƙera maka sakata da sarƙar turke,
da ƙararrawar da za ta ta da unguwa,
in kaka ta yi ka biya, ban kira shi bashi."

Ya naɗe zanen da ƙarfi har ya yage.
Bai yi sallama ba.
Takalmansa na ta da toka, ya fita da fushi.

Yaran suka dawo, goro ɗaya sun cinye rabi.
Sai da na zo rufe maƙera na gan shi
zaune kan uwar maƙera, yana ƙyalli.
Na jefa shi gwangwanin tsofaffin ƙusoshi.
Watanni huɗu ke nan. Bai zo karɓar sakata ba.
Wani dare nakan zazzage gwangwanin,
in auna ɗan abin nan a tafin yatsu uku,
in ji yadda ya fi masaba nauyi,
in mayar da shi.