Zaren Kakuri

Masaƙar Kakuri ta daɗe da yin shiru,
ciyawa ta cinye bakin ƙofa.
Mu da muka saƙa atamfa a cikinta
yanzu a waya muke haɗuwa,
mu talatin da ɗaya, har da lambar marigayi Dogara
da aka rasa mai zuciyar gogewa.

Jajiberin Kirsimeti Rifkatu ta aiko murya:
"Bana tukunyata hutu take,
gwiwa ta hana, aljihu ya taya ta."
Ta yi dariya. Ba mu yarda da dariyar ba.

Kafin la'asar Barmani ta auno shinkafa mudu biyu,
Ɗanlami ya kama zakaran da ke tashinsa da asuba,
ni mai ƙaramin ƙarfi
na biya kuɗin mota daga Tudun Wada zuwa Sabon Tasha.
Muka haye gada, zakara na zage-zage a cinyata.

Da dare hoto ya shigo:
tururi, jikoki huɗu, haƙora waje.
A ƙasa ta rubuta:
"Da Babbar Sallah a ajiye min hanta,
kada Ɗanlami ya ce ya manta."

Injin ya saki zare tuntuni.
Bakinsa yana hannunmu.