Shaho Kan Ƙwai

Lawandi ya zo da hantsi, hoto a cikin waya,
tambarin ƙungiyarsu ta ƙwallo a Rafindadi:
shaho ya buɗe fiffike, ƙwallo a ƙafarsa.
Riguna sha takwas, wasa ranar Asabar.
Hoton ya sha turawa daga waya zuwa waya
har gefensa ya dushe kamar rubutun da ruwa ya taɓa.

Na ce masa aikin minti biyar ne.
Baki shi ke yanka wuya.

Akwai wani maɓalli a cikin manhajar,
ka danna, ita ta yi maka tunani.
Na danna. Ta lashe hoton, ta furzo lissafi:
sukar allura dubu sha ɗaya da ɗari huɗu,
zare kala bakwai, alhali uku na sani.
A kan allo kam sai ka rantse shaho ne.
Na zuba a filashi, na ba keken surfani,
na ɗaure rigar gwaji a kawanya,
na tafi sayen kunun aya.

Ko da na dawo,
ƙwallo ya zama ƙwai,
shaho ya koma kaza mai kwanci a kansa,
yadi ya tattare kewaye da su
kamar goshin mai bin bashi.

Kawu Mani na zaune inda ya saba, bakin ƙofa.
Shekara arba'in yana ɗinkin babbar riga da hannu
kafin yanar ido ta karɓe allurar.
Bai taɓa tambayar abin da kwamfuta ke yi ba.
Ya ce, miƙo nan.
Ya bi aikin da babban yatsa, a hankali,
kamar mai neman ƙaya a ƙafar yaro.

“Wanga zare duk gabas ya nufa.
Ka taɓa ganin tsuntsun da gashinai ya kalli wuri guda?
Kuma zare ja shikai.
In kana son da'ira, zana ta da ƙiba,
abin da ka ƙara yadi za ya ci.
Ina shimfiɗa? Gini ka yi ba tushe.”

Na share komai bayan isha'i.
Na ja hoton har ya cika allo,
na bi bakin fiffike ɗigo bayan ɗigo,
nan lanƙwasa, nan kusurwa.
Na kwantar da gashin wuya zuwa ƙasa,
na fiffike na watsa shi waje kamar maficin kaba.
Na sa shimfiɗa a ƙarƙashi, wadda ba mai gani.
Na ƙara wa ƙwallo kumatu
har ya zama abin dariya a ido.
An ɗauke wuta ƙarfe sha ɗaya, ban adana ba.
Na zagi wanda ba ya ji,
na tada inji, na sake daga wuya.

Da safe allura ta shiga sassarfa.
Baƙi, fari, sannan ruwan goro.
Ƙwallo ya fito ƙwallo.

Kawu ya shafa, ya juya bayan rigar ya sake shafawa,
don a can ake kama maƙaryaci.
“Suka nawa?”
Dubu bakwai.
“Cikin kwana nawa?”
Minti sha biyu, Kawu.

Ya yi shiru har mai ruwan kura ya wuce,
har aka kira wani Sada sau uku a layin baya.
Sannan ya miƙo mini rigar.
“Faratan sun yi kauri. Rage.”

Na rage.

Ran Asabar yaran Ƙofar Marusa suka ci su biyu da nema.
Lawandi bai cika kuɗina ba har yau.
Amma na ga mai tsaron gidansu jiya a kan acaɓa,
rigar ta koɗe, lambar baya ta ɓare,
shahon nan kuwa yana nan a ƙirji,
gashinsa kwance yadda aka ce.