Na Ara Masa Tarin Babana

Daga dama ake buɗe littafin,
kamar wasiƙar ajamin da Kaka ke ɓoyewa a ƙasan adaka.
A Kasuwar Barci na tsince shi, cikin aljihun rigar gwanjo,
bango ya yage, kundi na bakwai,
ban ga farkonsa ba, ban san ƙarshensa ba.

Mai bincike ne, siriri kamar sillen kara,
gashi ya rufe masa ido guda.
Mai zanen can Japan bai taɓa ba shi yunwa ba:
shafi ɗari da tamanin, ko ruwa bai kurɓa ba.
Sai dai ya duƙa kan gawa, ya ɗaga yatsa,
mai laifi ya zube yana kuka.

Ni zane guda ne ya riƙe ni.
Shafi na casa'in, can ƙasa ta hagu,
an gama tonon asiri, kowa ya watse,
shi yana tsaye yana naɗe laimar mamacin
a hankali, kamar za a dawo a karɓa.
Ba kalma a bakinsa. Farin fili kawai.
A wannan filin na kafa bukkata.

In na rufe shagon ɗinki,
in an ɗauke wuta a Tudun Wada,
sai in haska waya, in sauke shi a tashar Rigasa.
Na tuɓe masa kwat, kada zafi ya kashe min baƙo.
Mai keke ya cuce shi ɗari biyu,
ya sani, ya biya.
Wanda ke jin ƙarya tun daga numfashi
dole ya koyi barin wata ta wuce.
Na zaunar da shi gaban mai shayi a Kakuri,
ya ci burodi da ƙwai, ya ƙone harshe.

Rifkatu ta karanta a Barnawa, ta kira ni:
"Kin ɓata shi. Wannan ba ya tari.
Ba ya dafa gwiwa kafin ya miƙe.
Yaushe ya fara yawo da katin masaƙa a aljihu?
Mutumin ƙanƙara ne, kin dama shi ya zama koko."
Na ce ƙanƙara ai ruwa ne da sanyi ya kama.
Kwana uku ba gaisuwa.
A na huɗu ta ce, "To, babi na gaba fa?"

Babi na gaba ya ƙi ni.
Na shirya masa gawa a bakin kogi,
na binne makulli, na jera shaidu uku,
ya ƙi zuwa.
Ya zauna kan kujerar kekena,
ya janye gashin, ya dube ni da idon da ba a taɓa zanawa ba.

"Tarin nan ba nawa ba ne.
Gwiwar nan ta girme ni da shekara talatin.
Katin nan an rubuta Mamuda Gambo, sashen rini.
Kin ɗauko ni daga bayan teku.
Me ya ɓace miki?"

Na ce: shekara goma sha ɗaya bayan an garƙame masaƙa,
kullum da asuba yana fita da kwanon abincinsa,
ya dawo la'asar, kwano wanke tas.
Ina yake zuwa?
Wa ke cin tuwon?
Me ya hana mu tambaya?

Ya ɗaga yatsan nan da ke durƙusar da mutane.
Ya daɗe a sama.
Sai ya sauke.
Ya jawo shuɗiyar rigar aikin da ke rataye bayan ƙofa,
ya shiga ninke ta, hannu da hannu, wuya a ciki,
kamar za a dawo a karɓa.

Ladan ya yi kiran farko.
Cajin waya saura uku.
Na aika wa Rifkatu babin, rabinsa fari.
Da hantsi ta shigo shago, ba sallama,
ta ajiye ƙullin ƙosai kan kekena,
ta ce, "Tarin ya zauna masa. Bar masa."