Baƙuwar Kogin Don

Shida saura kwata na tashi daga aikin dare,
rigata na warin maganin wanke asibiti.
Sheffield ba ta gama farkawa ba.
A kan gadar da ke bayan tsohuwar maƙerar wuƙaƙe
na tarar da dattijo Hallam,
shi da karensa mai ɗingishi da fulas ɗin shayi.
Bai amsa gaisuwata ba. Da haɓa ya nuna mini.

Can ƙasa, inda ruwa ke gangarowa kan matakalar siminti,
wani abu ya yi walƙiya, ya faɗi.
Ya sake tashi.
Salmon ce, in ji shi, a hankali,
kamar mai tsoron kada sunan ya kore ta.

Shekara talatin ya yi yana narka ƙarfe a bakin kogin nan.
Ya ce ranar Litinin ruwan ja ne, ranar Laraba ruwan ɗorawa,
ko kwaɗo ba ya kwana a ciki.
Ubansa bai ga irinta ba. Kakansa ma labari ya ji.

Ni jikar Sarkawa ce.
A Yawuri kakana kan ɗebi ruwa a tafi, ya shinshina,
ya ce giwan ruwa ya wuce da asuba.
Da yana nan, da ya tambaye ta:
ke, wa ya yi miki kwatance?
Teku guda kika baro a baya
kika zo kina neman tsakuwa
tsakanin gwangwanaye da keken kanti da ya nutse.

Na ƙirga. Sau bakwai ruwa na mayar da ita.
Gefenta ya saɓule, baya ya yi duhu,
ba ta da ƙiba, ba ta da 'yar rakiya.
Tafin hannuna ya yi ƙaiƙayin homa,
na tura shi cikin aljihu.

A na takwas ba mu ga faɗuwarta ba.

Hallam ya cire hula, sanyi na dukan sanƙonsa,
ya miƙo mini murfin fulas, na kurɓa. Ba sukari.
Bas ɗina ta zo, ta jira, ta wuce.

Na kira 'yata Hajjo, wadda aka haifa a garin nan,
wadda ba ta taɓa sa ƙafa a Kwara ba.
Ta ɗauka da muryar barci: Mama, lafiya?
Na ce lafiya lau.
Sa rigar sanyi ki zo, ki ga ruwa.