Jakar Abijan

Kullum bayan la'asar Baba sai ya ɗaure jaka:
buta, tabarau, takalmi ƙafa ɗaya.
Ya ce motar Abijan ba ta jiran kowa.
Shekara goma sha tara da sauke tallarsa a bakin teku,
amma ƙafafunsa ba su sami labari ba.

Da ina gardama.
Baba, nan Tawa ce, ga ƙyauren da ka kafa da hannunka.
Sai ya dube ni kamar na yanke masa aljihu.
Yanzu na koyi ƙarya mai sanyi:
direba ya ce sai gobe, taya ta fashe.
Ya zauna. Ya karɓi fura.

Nomau yake kira na,
ƙanensa da ƙyanda ta ɗauke tun ba a haife ni ba.
Ina amsawa.

Ran Lahadi na yi masa aski.
Hannun da ya ɗaga ni sama in ga kokawa
yau maɓalli ɗaya ya kayar da shi.
Ƙwayar hawan jini a kunu nake ɓoye ta,
mabuɗin gida a wuyana yake kwana.

Zali na aiko kuɗi daga Yamai, tana kuka a waya.
Ni ke wanke shimfiɗa kafin asuba,
kada jikoki su gani.

Daren jiya, ina kwance jakar a hankali,
ya buɗe ido ya ce, "Ilu, ka gaji."

Sunana.

Na tsaya da buta a hannu
har barci ya sake ɗauke shi.