Za Mu Sayi Rana

Daren Lahadi a Buffalo, ƙanƙara ta kai gwiwa.
Na mai da bas gareji, na shigo da yatsu kamar ƙirare.
Barira ta goge tebur, ta shimfiɗa taswira
daidai inda kwanon miya ya bar zobensa.
Ta ce, "Iro, bana sai mun ga rana.
Kwana shida asibiti ya ba ni, babu ƙari."

Jafaru ne ya zaɓi garin.
Ya ɗora yatsa can ƙasa, dab da iyakar Meksiko,
ya ce ana rubuta Tucson, amma a baki Tusan ne.
Muka yi tsit. Sai uwarsa ta fashe,
ta yi dariya har da riƙe kujera.
Hausar yaron ba ta cika cokali ba,
amma wannan kalmar ya san ta,
ya toshe hanci, ya faɗi ƙasa yana shure-shure.

Sai lissafi.
Tikiti uku, ɗaki mai gado biyu, hayar ƙaramar mota.
Na tara, na ɗebe, na sake tarawa,
adadin ya ƙi ramewa.
Birkin motata zai jira.
Haƙorin da ke damuna ma ya iya haƙuri.
Ita kuwa tana rubutu a bayan takardar kuɗin wuta:
malafa, gorar ruwa, tabarau,
man shafawa na kare rana,
mu da rana ta yi renonmu tun muna tsumma.

Da asuba na kira Inna a Tanut.
Ta saurara har na kai aya, ta ce,
"Wato ka tsallake teku,
ka bar rairayi kyauta a ƙofar ɗakina,
yanzu za ka biya a nuna maka na wasu?
Aiko kuɗin, in cika maka buhu."

Ban ba ta amsa ba.
Ina kamar Jafaru nake bin jaki zuwa rijiya,
gaba ashirin kafin guga ya ji ruwa,
na rantse in na girma
ba ni ba ƙasar da inuwa ke tsada.
Allah ya amsa, har ya yi mini gyara:
ga ruwa nan, daskararre, tuli a kan tuli,
shekara goma sha bakwai ina kwashe shi da shebur.

Yaron ya kawo hotuna a waya.
Wata ƙyarana ce, ta fi soro tsawo,
ta ɗaga hannu biyu kamar mai tayar da kabbara.
"Baba, akwai raƙumi?"
Na ce ban tsammani.
Hamadarsu da kwalta, da fitilun hanya,
da tafkin wanka a bayan masauki.

Abin da ban sa a lissafi ba,
don ba shi da farashi, kuma da kunyar faɗi:
ina so in tuɓe takalmi,
ƙasa ta ƙona mini tafin ƙafa har in yi tsalle.
Ina so dare ya yi, mu kashe mota a bayan gari,
in kama kan yaron nan in juya shi sama,
in ce ga Kaza da 'ya'yanta,
ƙirga su, kakarka ma yanzu ta gama ƙirgawa.

Barira ta ce, "In danna?"
Na ce bismilla.
Kuɗin suka fita ba ko sallama.
Sha huɗu ga Maris, jirgin ƙarfe shida.

Saura sati bakwai.
Amma na riga na zaro silifas daga ƙarƙashin gado,
na ajiye su bakin ƙofa,
tsakanin manyan takalman sanyi masu ɗigar ruwa.
Kullum zan fita sai na kusa tuntuɓe da su,
kuma na hana a ɗauke.