Kuɗin Fatalwa

Oktoba ta kama a Zanesville,
ni da takardar roƙo, shago shago.
Za mu cika tsohon siton Delbert da fatalwowi,
dala goma kuɗin shiga,
ribar ta sayi gadaje a gidan marasa galihu.

Manajan banki ya ce in dawo baɗi.
Lorraine Kosciuk mai sayar da ƙusa
ta ba da jan fenti gwangwani uku,
ta ce, "Ga jini nan, amma a rubuta sunana
da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa."
Likitan haƙori ya miƙo dala ɗari
da ƙwarangwal na roba, haƙoransa cif.

Da yamma na tsaya ƙofar mai shirya jana'iza,
ƙafata ta ƙi shiga.
Tsoho Orville Tackett ya leƙo, ya saurare ni tsaf,
ya ba da aron akwatin gawa, sabo dal,
ya ce kada a sa sunansa ko'ina.
"Ku dai dawo mini da shi ran Litinin,
babu kowa a ciki."

Na ɗaure shi a saman mota.
Har na isa gida ba wanda ya matsa mini oda.